Yadda ake gwajin sifirin da faɗuwar abu, ɗalibi ya ga inda makamashi ke tafiya

Tun ranar da na saka hoton ɗalibaina sun rataye kwalbar ruwa a jikin sifirin, saƙonni suke ta shigowa. Wasu daga malamai 'yan'uwana na Jega da Argungu da Zuru, wasu daga ɗaliban da WAEC da NECO suka matso musu. Tambayar kusan ɗaya ce: yaya ake wannan gwaji a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ko kuwa ɗakin yana nan amma ba kaya a ciki? Fiziks nake koyarwa a nan Birnin Kebbi, kuma da irin kayan da zan lissafa nake yi duk shekara, don haka zan jero matakan yadda nake bin su.

Abin da muke so yaro ya gani da idonsa guda ɗaya ne: makamashi ba ya ɓacewa, masauki yake sauyawa. Lissafi huɗu kawai za mu riƙe a hannu. Aiki shi ne ƙarfi sau nisan da aka matsar da abu. Ɗan dako da ya ciccibi buhun shinkafa mai kilo 50 ya ɗora a bayan mota mai tsayin mita 1.5 ya yi aikin 50 × 10 × 1.5, wato jul 750 (jul shi ne ma'aunin aiki da makamashi), kuma wannan jul 750 yana nan ajiye a buhun a matsayin makamashin tsayi, mgh, wato nauyi a kilo (m) sau jan ƙasa (g) sau tsayi a mita (h). Idan buhun ya suɓuce, ajiyar ta koma makamashin motsi, ½mv², inda v yake nufin sauri. Idan kuma sifirin aka ja, aikin yana zama a jikinsa a matsayin makamashin miƙewa, ½ke², inda k yake nufin taurin sifirin, e kuma miƙewarsa. Zan ɗauki g a matsayin 10, kamar yadda takardun jarrabawa suka saba bayarwa, ko da yake ainihinsa ya fi kusa da 9.8.

Mataki na 1: Haɗa kaya

Za ka nemi sifirin mai laushi, rula mai tsawon mita ɗaya ko tef ɗin tela, ƙaramar kwalbar roba mai murfi, sirinji mai ɗaukar mililita 20, zare mai ƙwari, salatif, tsinken tsintsiya ɗaya, ƙusa, takardar giraf, faranti da toka, sai wayar hannu mai kyamara.

Sirinjin shi ne ma'auninmu. Mililita ɗaya ta ruwa nauyinta giram ɗaya ne, saboda haka wanda yake da sirinji da ruwa ba ya buƙatar duwatsun awo na ɗakin gwaji. Mililita 50 giram 50 ce, ƙasa kuma tana jan ta da ƙarfin rabin niyuton. Mililita 100 niyuton ɗaya cif.

Game da kuɗi, abin da za ka saya da gaske uku ne: sirinji a kemis, takardar giraf a shagon littattafai, da salatif. Duka ukun ba su kai kuɗin littafin Fiziks guda ba. Rula mai mita ɗaya ce ta fi tsada, kuma idan babu, a manna tef ɗin tela a jikin miƙaƙƙen katako, ya wadatar.

Gargaɗi: sabon sirinji za a saya, a cire allurar a jefar da ita inda ya dace kafin a shiga aji. Kada a karɓi wanda yaro ya tsinto. Kuma kada ka yi awo da ledar fiya wata. An rubuta 50cl a jikinta, amma cikar ba ta zama daidai daga leda zuwa leda, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya karkatar maka da layin giraf.

Mataki na 2: Zaɓen sifirin

A nan yawancin mutane suke yin asarar lokacinsu, don haka zan ɗan tsaya.

Sifirin da ya fi dacewa shi ne wanda yatsu biyu za su ja shi ba tare da yunƙuri ba, kuma da an sake shi ya koma tsawonsa na farko. Wurin da na fi samun irinsa shi ne cikin lalataccen ƙaramin sikeli mai ƙugiya, ɗan'uwan wanda masu kifi suke rataya kaya a jikinsa, amma mai ɗaukar nauyi kaɗan. 'Yan gwangwan da masu gyaran rediyo da keken ɗinki su ma ba sa rasa tarin sifirin a gwangwani. Ka je da kwalbarka da ruwanka ka gwada a wurin: idan ka rataya mililita 100 ya miƙe tsakanin santimita 2 zuwa 6, ka samu abin da kake nema.

Bakanike zai so ya ba ka na jik ɗin babur ko na birki, don su ne a gabansa. Waɗannan sun yi tauri ƙwarai, giram ɗari ba ya ko motsa su. Idan su kaɗai ka samu za a iya aiki da su, sai dai ka bar sirinji ka koma awo da lita a cikin galan, kuma wurin ratayar ya zama ƙarfe mai ƙarfi.

Ka duba naɗin sifirin da kyau. Wani za ka ga zobbansa a buɗe, haske yana ratsa tsakaninsu. Wani kuma a manne suke gam. Wanda yake manne tun daga masana'anta aka matse shi, sai an kai wani nauyi kafin ya fara buɗewa. Ba laifi ba ne, akwai maganinsa a mataki na gaba, amma dole ka san irin wanda ke hannunka.

Gargaɗi: kada ka maye gurbin sifirin da robar danƙo ko yankan tsohon tib. Roba ba ta miƙewa daidai da nauyin da aka ɗora mata, kuma tsawonta a lokacin da ake ƙara nauyi daban yake da tsawonta a lokacin da ake ragewa, domin wani kaso na aikin yana komawa zafi a jikinta. Ka ja robar ɗaure kuɗi da sauri ka taɓa ta a leɓenka, za ka ji ɗumin. Darasi ne mai kyau, amma na wata rana.

Mataki na 3: Kafa kayan

Gicciya katako a kan tebura biyu, ka danne kowane gefe da bulo, ka buga ƙusa a tsakiya ka rataya sifirin. Katakon ya zama mai kauri. Idan yana lanƙwasa ko kaɗan, ka samu sifirin biyu ke nan maimakon ɗaya, lissafi ya lalace tun ba a fara ba.

Ɗaure wuyan kwalba da zare ka rataye ta a ƙasan sifirin, zaren gajere. Manna tsinken tsintsiya a jikin kwalbar da salatif, a kwance, bakinsa yana kusan taɓa rula. Rular ta tsaya a miƙe, a ɗaure ta a ƙafar tebur, lambobinta suna ƙaruwa zuwa ƙasa. Don tabbatar da miƙewarta, rataya ɗan dutse da zare a gefenta ka daidaita su.

Yanzu zuba ruwa kaɗan kaɗan har sai ka ga duk zobban sifirin sun rabu da juna. Wannan shi ne nauyin shimfiɗa. A nawa gwajin, kwalba da ruwan shimfiɗa sun kama giram 60. Inda tsinke ya tsaya a wannan lokaci shi ne sifilinka. Rubuta lambar, kuma ka sa alama da biro a jikin rular. Duk wani awo daga nan za a fara ƙirga shi.

Gargaɗi: a kashe fanka, a rufe tagar da iska ke shigowa. A lokacin hunturu iskar da ke kaɗawa ta taga tana sa kwalba lilo, tsinke ba zai tsaya wuri ɗaya ba.

Mataki na 4: Auna miƙewa

Zuba mililita 50, jira kwalba ta natsu, karanta inda tsinke yake. Ƙara wata 50, ka karanta. Haka har zuwa 250, karatu biyar ke nan. Daga nan ka fara zuƙe ruwan da sirinji hamsin hamsin, kana sake karantawa a hanyar komawa. Kowane nauyi ya samu karatu biyu, sai ka ɗauki matsakaicinsu ka cire lambar sifili. Abin da ya rage shi ne miƙewa, e.

Ga irin abin da sifirin ɗina yake bayarwa, a santimita: giram 50 ya ba da 2.0, giram 100 ya ba da 4.1, giram 150 ya ba da 5.9, giram 200 ya ba da 8.0, giram 250 ya ba da 10.1. Ka lura ba su fito sumul ba, kuma haka ya kamata. Idan rukunin ɗalibai suka kawo mini 2.0, 4.0, 6.0, 8.0, 10.0 ba ko ɗigo, nakan ce su sake a gabana, domin hannu da ido ba sa ba da irin wannan.

Mai karatu ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da tsinken. Wanda ya leƙo daga sama zai ƙara milimita biyu ko uku bai sani ba. Kuma duk lambobin su zo da adadi ɗaya bayan ɗigo: a rubuta 8.0, ba 8 ba. Masu duba takardar gwaji suna lura da wannan.

Gargaɗi: bayan an zuƙe duk ruwan da aka ƙara, tsinke dole ya koma kan alamar sifili. Idan ya tsaya ƙasa da ita, an wuce iyakar miƙewar sifirin, ya saki jiki, ba zai dawo ba har abada. Haka muka taɓa rasa mafi kyawun sifirin da muke da shi, lokacin da wani yaro ya kama kwalbar ya ja ta har ƙasa don ya ga iyakar abin. Tun daga nan nake faɗa wa kowane rukuni tun farko cewa hannu ba ya jan sifirin, ruwa kaɗai ke jan sa.

Mataki na 5: Zana giraf ka fitar da k

Kafin ka taɓa takardar giraf, sauya ma'aunai. Giram ya koma niyuton: 0.5, 1.0, 1.5, 2.0, 2.5. Santimita ta koma mita: 0.020, 0.041, 0.059, 0.080, 0.101. Ɗora ƙarfi a layin tsaye, miƙewa a layin kwance, ka zaɓi sikelin da zai sa ɗigogin su mamaye fiye da rabin takardar. Ja miƙaƙƙen layi ɗaya da zai ratsa tsakiyarsu. Ba a haɗa ɗigo da ɗigo kamar ana zana haƙoran zarto.

Zana babban alwatika a jikin layin, raba tsayinsa da faɗinsa. Wannan gangaren shi ne k, taurin sifirin. Nawa yana fitowa kusan niyuton 25 a kowace mita. Miƙewar layin ita ce dokar Hooke, F = ke. Filin da ke ƙarƙashin layin kuwa, wanda shi ma alwatika ne, shi ne aikin da aka yi wajen jan sifirin, kuma daga nan rabin da ke cikin ½ke² ya fito: ƙarfin bai fara da cikarsa ba, daga sifili ya taso a hankali. Ka sa yara su shafe wannan fili da fensir. Wanda ya shafe shi da hannunsa ba ya sake manta rabin.

Gargaɗi: a jarrabawa sau da yawa akan juya, a ce a ɗora miƙewa a tsaye, nauyi a kwance. Idan haka ne, gangaren ba k ba ne, kifaffensa ne, sai an raba ɗaya da shi, kuma idan nauyin a giram yake sai an mai da shi niyuton. A karanta umarni sau biyu.

Mataki na 6: Gwajin saki

Wannan shi ne zuciyar aikin, duk abin da ya gabata share fage ne.

Zuba mililita 100 a kan ruwan shimfiɗa, rufe murfin gam. Kwalba za ta natsu a kusan santimita 4 ƙasa da sifili. Yanzu sa tafin hannu a ƙarƙashinta ka ɗago ta a hankali har tsinke ya koma kan alamar sifili. Kafin ka saki, tambayi aji: idan na janye hannuna, ina kwalbar za ta kai kafin ta juyo? Kusan kowa zai ce santimita 4, tunda nan ne mazauninta. A rubuta hasashen a allo.

Janye hannun ƙasa da sauri. Kwalbar za ta wuce 4 ba ta ko waiwaya ba, ta nutsa har kusan 8, sannan ta dawo sama.

Matsalar ita ce ido ba ya iya kama wurin juyowar, don abin bai wuce ƙiftawa ba. Hanya biyu nake bi. Ta farko, a jingina waya a kan littattafai daidai tsayin wurin, a ɗauki bidiyo da tsarin nan mai tafiyar hawainiya, a tsayar da shi a inda tsinke ya fi yin ƙasa. Ta biyu ba ta buƙatar waya, kuma ita na fi so. Baza toka a faranti ka lallaɓe samanta, ka ajiye a ƙarƙashin kwalbar a kan littattafan rubutu. Saki kwalbar. Idan ba ta taɓa tokar ba, ƙara littafi ɗaya ka sake. Za a kai lokacin da gindin kwalbar zai bar ɗan zagaye siriri a kan tokar, kamar sawun tsuntsu. A nan sai ka sauke kwalbar da hannu har ta taɓa tokar, ka karanta tsinke. Yara suna kewaye farantin nan su yi tsit suna jiran zagayen, ban taɓa ganin darasin da ke tara hankalinsu kamarsa ba.

A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Za a samu abin da ya ɗan gaza 8, kamar 7.7 ko 7.8.

Ga lissafin. A wurin juyowa kwalba ta tsaya cak na ɗan lokaci, babu makamashin motsi. Duk abin da ƙarin ruwan ya rasa na tsayi ya shiga sifirin. Wato mgx = ½kx², inda x yake nufin nisan da kwalbar ta nutsa daga sifili, wanda ya ba da x = 2mg/k, ninki biyu na miƙewar zaune. Da lambobi: 0.1 × 10 × 0.08 ya ba da jul 0.08. Sannan ½ × 25 × 0.08 × 0.08 shi ma jul 0.08. Nauyin shimfiɗa bai shigo ba saboda sifirin ya riga ya ɗauke shi tun a sifili, lissafinsu yana share juna. 'Yan milimitocin da suka gaza kuwa iska ce da gogayyar cikin ƙarfen da motsin ruwa a kwalba suka ci.

A sake da mililita 50, a ga ko za ta kai kusan 4. A sake da 150, a nemi kusan 12.

Gargaɗi: saki ake yi, ba jifa ba. Idan hannu ya tura kwalbar sama ko ya ja ta ƙasa ko kaɗan, an ƙara mata makamashi daga waje. Idan sakamako ya haura ninki biyu, daga hannun mai saki ne. Kuma kada a yi wannan da nauyi mafi girma na jadawalin: nutsewar tana ninkawa, ƙarfin da sifirin zai ji shi ma yana ninkawa, yana iya wuce iyakarsa.

Mataki na 7: Binciko rabin da ya ɓace

Wata shekara, bayan mun gama, wata ɗaliba ta zo da littafinta ta ce, "Malam, lissafin bai hau ba. Na gwada a santimita 4, inda kwalbar ke zama. Ruwan ya rasa jul 0.04, amma sifirin 0.02 kawai ya riƙe. To ina sauran ya tafi?"

Ta yi daidai, kuma tun daga ranar na mai da tambayarta mataki mai zaman kansa. Ka sa kowa ya lissafa: 0.1 × 10 × 0.04 jul 0.04 ne, ½ × 25 × 0.04 × 0.04 jul 0.02 ne. Rabi ya yi ɓatan dabo. Ka bar su su yi gardama na ɗan lokaci kafin ka sa baki.

Amsar ta danganta da yadda kwalbar ta iso wurin. Idan sakinta aka yi, a lokacin da take ratsa santimita 4 tana kan ganiyar gudunta, jul 0.02 ɗin yana cikin motsinta. Duk abin da ke rataye kilo 0.16 ne, har da kwalba da ruwan shimfiɗa, don haka ½ × 0.16 × v² = 0.02, saurin ya kama rabin mita a daƙiƙa. Wannan gudun ne ya sa ta wuce mazauninta. Idan aka bar ta tana sama da ƙasa har ta gaji ta tsaya, rabin ya zube a hankali ya zama zafi a iska da ƙarfe da ruwa. Idan kuwa da tafin hannu aka sauke ta sannu a hankali, hannun ne ya karɓe rabin, domin yana tura ta sama alhali tana yin ƙasa.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci shokazobar babur. Sifirin ɗinta yana karɓar bugun rami ya ajiye, kuma da shi kaɗai ne da babur ya yi ta tsalle bayan an wuce ramin. Man da ke cikin bututun shi ne yake shanye makamashin ya mai da shi zafi. Ɗan acaɓan da ya sha hanya mai gargada, a taɓa shokazobarsa za a ji ta da ɗumi.

Mataki na 8: Faɗuwar abu ba tare da sifirin ba

Nemi dunƙulallen dutse ko babbar ƙwayar boris. Ba sai ka je neman sikeli ba, sifirin ɗinka ya riga ya zama sikeli: sa dutsen a 'yar leda ka rataya a jikin kwalbar shimfiɗa. Idan ya miƙe santimita 2, giram 50 ne.

Auna mita 1.25 a jikin bango ka ja layi da alli. A waje za a yi, inda haske yake sosai, domin a duhu hoton dutsen yana dusashewa. Ajiye waya nesa kaɗan yadda za ta ɗauki layin da ƙasa gaba ɗaya. Saki dutsen daga layin, gindinsa a kan alamar. Bidiyo na yau da kullum yakan ɗauki hotuna 30 a daƙiƙa, sai ka bi shi hoto bayan hoto ka ƙirga daga saki zuwa taɓa ƙasa. Za ka samu kusan 15, wato rabin daƙiƙa.

Tunda dutsen daga tsaye ya fara kuma saurinsa yana ƙaruwa bai ɗaya, saurinsa na ƙarshe ninki biyu ne na matsakaicin sauri: 2 × 1.25 a raba da 0.5, mita 5 a daƙiƙa. Yanzu a gwama: mgh ya ba da 0.05 × 10 × 1.25, jul 0.625. Sannan ½mv² ya ba da ½ × 0.05 × 25, jul 0.625.

Gargaɗi: kuskuren hoto ɗaya yana da tsada. Idan ka ƙirga 16 maimakon 15, makamashin motsi zai sauko zuwa kusan jul 0.55. A yi sau biyar a ɗauki matsakaici. Idan wayar tana ɗaukar 120 ko 240 a daƙiƙa ya fi kyau, amma da adadin hotuna za a yi lissafi, kada a dogara da daƙiƙoƙin da ke gudu a ƙasan bidiyon, don an ja su. Agogon hannu kuwa a bar shi, jinkirin yatsa kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Kada a yi amfani da abu mara nauyi kamar dunƙulen takarda, iska za ta riƙe shi. Kuma ba a sakin dutse daga bene sai an kori kowa daga ƙasa.

Idan da sauran lokaci, saki ƙwallon roba daga mita ɗaya a kan siminti ka ga inda ta dawo. Idan ta kai santimita 60, kashi 40 cikin ɗari ya tafi a zafi da ƙara. Sake ta a kan yashi, ba za ta tashi ba, sai ɗan rami da ta haƙa.

Mataki na 9: Abu ya faɗo a kan sifirin

Wannan shi ne wanda ya fi kayar da ɗalibai a takarda. Abu mai kilo 0.1 ya faɗo santimita 16 kafin sifirin mai k na 25 ya fara riƙe shi. Nawa sifirin zai miƙe ko ya matse?

Yawancin yara suna rubuta mgh = ½kx², su samu kusan santimita 11. Sun manta cewa abin bai daina faɗuwa ba a lokacin da ya haɗu da sifirin, ya ci gaba da sauka har nisan x. Daidai shi ne mg(h + x) = ½kx². Da lambobi, 0.16 + x = 12.5x², amsar x mita 0.16 ce. A tabbatar: hagu jul 0.32, dama ½ × 25 × 0.16 × 0.16, jul 0.32. Dabarar da nake koya musu ita ce a zana hoto, a sa alama a wuri mafi sama da wuri mafi ƙasa inda abin yake tsaye cak, a auna dukan tazarar da ke tsakaninsu.

Ana iya gwada shi a aikace idan sifirin mai buɗaɗɗun zobba ne. Cire kwalbar shimfiɗa, haɗa wata kwalba mai jimillar giram 100 da sifirin ta dogon zare, ɗaga ta sama da inda zaren ke fara ɗamewa da tazarar h, ka saki a kan farantin toka.

Gargaɗi: fara da h na santimita 5 ko 6. A misalin da ke sama sifirin yana jin niyuton 4, wanda ya wuce duk abin da muka ɗora masa a mataki na 4. A riƙe fuska nesa, domin idan ƙugiya ta zame daga ƙusa, sifirin yana iya tsalle ya nufi ido.

Mataki na 10: Rubutawa da raba aji

Rahoton kowane ɗalibi ya ƙunshi jadawali mai ma'auni a kan kowane ginshiƙi, giraf da alwatikansa a bayyane, ƙimar k, gwama makamashi biyu a gwajin saki, da matakan kariya aƙalla biyu da shi kansa ya ɗauka. Kafin ka karɓi takarda, duba abu ɗaya: ya mai da santimita mita kafin ya ninka ta da kanta? Wanda bai yi ba amsarsa za ta kumbura sau 10,000, kuma sau da yawa ba ya lura.

Idan aji ya kai mutum sittin kuma sifirin uku ne, nakan raba su rukuni shida. Uku su fara da sifirin, uku su fita bango da dutse, sai a yi musaya. A kowane rukuni a samu mai sirinji, mai karanta rula, mai saki da mai rubutu, kuma a riƙa juya aikin, kada yara biyu masu baki su riƙe komai sauran suna kallo. Mataki na 1 zuwa na 5 suna cin darasi biyu a haɗe, na 6 da na 7 wasu biyun, na 8 da na 9 a mako na gaba. Bayan an tashi, a goge sifirin da tsumma, a shafa masa ɗan mai saboda ruwan da ya fantsama, a ajiye shi a kwance cikin gwangwani mai murfi, a liƙa 'yar takarda a jikin gwangwanin ɗauke da ƙimar k da aka samu da kwanan wata, don a gwada da na shekara mai zuwa.